Katin in, on, at: yadda aikin ke tafiya ni da Auta

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na fara, bari in rubuta kafin lalaci ya kama ni. Auta za ta zana JAMB bana, jiya da daddare ta kawo min fas kwashin ɗin da take bi na duba inda ta faɗi a Turanci, wallahi kusan rabin kurakuran nata a kan 'yan mitsi-mitsin kalmomin nan ne, in, on, at, by, for, with. Kalma mai harafi goma sha biyu ta san ma'anarta tsaf, amma a ce ta zaɓa tsakanin in time da on time sai ta tsaya tana cizon murfin biro. Kuma Turanci dole ne a JAMB, tambaya 60 cikin 180, sauran darussa ukun 40-40, ka ga nan ba wurin sakaci ba ne.

Abin da na yanke shi ne zan yi mata kati 200. A shagon fotokwafin da nake aiki kullum muna zubar da gefen kwalin da ake yankewa in an yi bangon furojet, yau na kwaso leda guda na yanka su daidai tafin hannu. Gaban kati jimlar Turancin, baya kuma ma'anarta da Hausa da misali ɗaya wanda ya shafi gidanmu ko unguwarmu, ba na son misalin dusar ƙanƙara da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na rubuta 12, sanyi ya hana yatsuna ci gaba.

Laraba, 15 ga Janairu

Na gano inda gizo ke saƙa, kuma Auta ce ta nuna min ba tare da ta sani ba. Ta ce "Yaya, wai me ye fassarar at?" na ce "a", ta ce to in fa, na ce "a", on fa, na buɗe baki na rufe. Mu "a" ɗaya ce take mana duk aikin, a gida, a Kano, a tebur, a ranar Litinin, a 2025, su kuma Turawa sun raba aikin gida uku: at home, in Kano, on the table, on Monday, in 2025. To yaron da ke tunani da Hausa yana juyawa zuwa Turanci, in ya zo kan "a" caca kawai yake yi, ɗaya cikin uku.

Saboda haka na soke tsarina na farko na rubuta in a gaba ma'anarta a baya, wannan ɓata kwali ne. Dunƙule za mu riƙa haddacewa, dunƙulen Turanci da dunƙulen Hausa. On purpose, da gangan. By mistake, bisa kuskure. In secret, a ɓoye. In a hurry, cikin gaggawa. At least, aƙalla. Ba wanda ke tsayawa ya tambayi me "da" take yi a cikin "da gangan", haka muka tashi muka ji ana faɗa, to haka nake so on purpose ta zauna mata.

Ta ce ashe dai su ne huruful jarri na Islamiyya, min, ila, an, ala, fi. Na ce su ne sak, aikinsu ɗaya, su zo gaban suna su ɗaure shi da sauran magana, shi ya sa ma aka kira su preposition, wato abin da aka ajiye a gaba, daga Latin kalmar ta fito. Tunda ta haɗa su da abin da ta riga ta sani sai na ga fuskarta ta saki. Kati 31.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na wuri muka yi yau. Dabarar da na ba ta: in na abin da ya kewaye ka ne, on na abin da kake bisa kansa ko layin da kake kai, at kuma ɗigo ne kamar ka nuna da yatsa. Adireshi ya fi komai fito da shi, in Kano, on Zoo Road, at number kaza. Arrive at the park, arrive in Kaduna, amma babu arrive to, wannan na ja masa layi biyu da jan biro domin ita da ni duk muna yi.

Rigimar ta taso a kan abin hawa. In the car, in a taxi, amma on the bus, on the train, on the plane. Ta ce wannan rainin hankali ne, ai cikin bas ake shiga ba kan rufi ake zama ba. Na ba ta dabarar da malamai suka saba bayarwa, duk abin da za ka iya miƙewa tsaye ka taka a cikinsa on ne, wanda sai ka sunkuya ka shiga ka zauna in ne, wanda kake ɗarewa kamar babur da keke da jaki shi ma on. Sai ga tambaya: "To Yaya adaidaita sahu fa?" Na ɗan yi shiru, na ce sunkuyawa ake a shiga a zauna, in za ki sa. Ta ce ai yaran unguwa a gefe suke maƙalewa, na ce wannan kuma tsakaninsu da direba.

Abin da ya ba ni dariya, mu ma fa muna yi, muna cewa na hau mota, na hau jirgi, alhali ciki muka shiga, ba wanda ya taɓa tuhumar Hausa a kan haka. Sai by: by car, by bus, by train, by air, ba a sa the ko a a tsakani, amma ƙafa ita kaɗai ta fita zakka, on foot. By leg da ake ji a titi kada ta kuskura ta kai shi ɗakin jarrabawa. Kati 55.

Asabar, 25 ga Janairu

Ban yi komai ba satin nan, aiki ya yi yawa a shago. Kati uku kacal, su ma a tsaye na rubuta.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yau ne ranar da na fi jin daɗin aikin nan tunda na fara. Ina rubuta katin in front of, na juya baya na sa "gaban", na yi behind na sa "bayan", inside "cikin", on top of "kan", sai na tsaya ina kallonsu a jere a kan tabarma: gaba, baya, ciki, kai. Jikin mutum ne gaba ɗaya. Na ƙara da bakin kasuwa, bakin kogi, gindin bishiya. Wato Bahaushe da zai kwatanta wuri jikinsa ya duba ya ara, shekara nawa ina magana da harshen nan ban taɓa lura ba sai da Turanci ya sa ni. Na kira Umma na gaya mata ta ce "to sai me", ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Su ma Turawan suna da irinsa jefi-jefi, at the foot of the hill, at the mouth of the river, kuma ita kanta front asalinta kalmar Latin ce mai nufin goshi. Amma a nan tarkon yake, domin yaro zai ɗauki "a bayana" ya mayar at my back, wanda ya cika bakin mutane a Najeriya, alhali behind me ake so. Kuma "gaban" namu tana da faɗi, gidan da ke tsallaken titi yana kallon naka za mu iya cewa yana gaban gidanmu, su kuwa opposite za su ce, in front of na abin da ke daf da gabanka ne ta ɓangarenka. Na yi wa wannan kati na musamman da zanen titi da gidaje biyu, zanen ya yi muni amma ta gane.

Na ƙara instead of, na nuna mata in ce da stead aka manne, stead tsohuwar kalma ce mai nufin wuri ko gurbi, kenan "a gurbin", maimakon. Da on behalf of, a madadin, wanda duk mai jawabi a wurin biki ya san shi. Kati 74.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

In time da on time, an gama da su yau in sha Allahu, kuma masallacin Juma'a ne ya raba gardama. Liman ya tada sallah on time, wato daidai lokacin da aka sa, bai ƙara bai rage ba. Ni kuma da na tsaya neman takalmi na isa in time, wato kafin ta wuce ni, na samu raka'a. On time na agogo ne, in time na tsira ne. Just in time kuma shi ne ka shiga sahu liman na shirin ɗagowa daga ruku'u.

Na haɗa da 'yan'uwansu masu rikici. At the end of, a ƙarshen wani abu, dole a faɗi ƙarshen mene ne, at the end of the month, lokacin da albashi ke shigowa. In the end, daga ƙarshe, bayan an sha ja-in-ja. At last kuma akwai ajiyar zuciya a cikinta, irin wadda ake yi in an kawo wuta bayan kwana uku. Hausa ta taimaka sosai a nan tunda "a ƙarshen" da "daga ƙarshe" mu ma ba ma haɗa su.

An gama mata rajista shekaranjiya, layi tun bayan asuba har la'asar. Kati 88.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Katin sun fara yawa, roba ɗaya ba ta riƙe su, kuma na lura tana ta maimaita waɗanda ta riga ta iya saboda suna mata daɗi. Na samo gwangwanin madara uku. Na farko na waɗanda ba ta iya ba, kullum za a duba su, na biyu na masu rawa, bayan kwana uku-uku, na uku na waɗanda suka zauna, ranar Lahadi kawai. Kati in ta ci shi ya matsa gaba, in ta faɗi ya koma gwangwanin farko ko daga ina yake. Ba ni na ƙirƙiro ba, dabarar wani ɗan jaridar Jamus ce mai suna Sebastian Leitner tun shekarun 1970, shi da akwati ya yi, ni gwangwani na samu.

Ranar farko 88 ɗin sun rabu haka: 29 a na farko, 35 a na biyu, 24 a na uku. Ta ji haushi, ta ɗauka ta fi haka.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na raka abokina Kantin Kwari sayen yadi, na dawo da kati goma sha huɗu a kaina. On credit, bashi. In cash, kuɗi hannu. In bulk, sari. In advance, kafin alƙalami. In debt, bashi ya yi masa katutu. Out of stock, kaya sun ƙare. Out of order, na'ura ta lalace, kamar injin cire kuɗin da na tarar a hanya, takardar da aka manna masa ma ta koɗe saboda daɗewa. At a loss tana da fuska biyu, sold at a loss an sayar da faɗuwa, amma I am at a loss na rasa abin yi ko abin cewa ne.

For sale da on sale su ma ba ɗaya ba ne duk da ana cakuɗa su. For sale na sayarwa ne, shi ya sa ake rubuta not for sale a katangar gidajen da ake tsoron 'yan damfara. On sale na iya nufin kaya sun fito kasuwa, ko an yi rangwame, na biyun ya fi yawa a bakin Amurkawa.

Sai na tuna da in charge of, na ce mata Umma is in charge of the kitchen, Umma daga ɗaki ta ji an ambace ta ta ce me aka ce ta yi, Auta ta ce "cewa ya yi ke ce shugabar kicin", ta ce ai ba ƙarya ya yi ba. Kati 102, mun wuce rabi.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi na uku. An ba su hutu a makaranta, na ɗauka za mu yi gudu, ashe akasin haka ne, da rana ba ta da ƙarfi ni ma haka, bayan tarawi kuma ido ya yi nauyi. Mun koma yin minti ashirin bayan sahur kafin a kira sallah.

Na lokaci muka yi tunda azumi duk lissafin lokaci ne. At na ɗigon lokaci: at dawn, at noon, at sunset, at 6:30. On na rana: on Friday, on 30th March. In na mai faɗi: in March, in 2025, in the dry season. Har nan lafiya lau. Sai in the morning, in the afternoon, in the evening, kwatsam at night. Ta ce me dare ya yi musu, na ce haddace kawai. Kuma da zarar an ambaci sunan ranar sai komai ya koma on, on Friday morning, on Monday night. Mu "da" muke sa wa duka, da safe, da rana, da yamma, da daddare, da asuba, da ƙarfe huɗu, ba mu wahalar da kowa ba.

Wani abin da ke kayar da yara, in an sa next, last, this ko every ba a sa komai a gaba. Next week kawai, last Friday kawai, on next week babu shi. Da by na wa'adi, by Friday wato kada ya wuce Juma'a, until Friday kuma abu ya ci gaba har zuwa Juma'a. Misalin da na rubuta: we fast until sunset, the food must be ready by sunset. Wannan ya shiga nan take tunda ita ke soya ƙosai. Kati 118.

Laraba, 12 ga Maris

Asara. Ɗan yayarmu mai shekara uku ya samu gwangwani na biyu, ya juye katin cikin bahon wanki yana wasan jirgin ruwa. Da biro na rubuta, tawada ta bi ruwa, kati 33 sun tashi aiki, kuma ban ajiye jerinsu a ko'ina ba, wautar tawa kenan. Na so in yi faɗa na tuna ina azumi, yaron kuma yana ta dariya yana nuna min jirginsa.

Auta ta ce bari ta gwada tuno su da ka. Ta zauna ta rubuto 26 ba tare da ta duba komai ba, har da misalan, har da zanen titi da gidaje biyu. Na kasa cewa komai, na dai ɗauko sabon kwali. Da hannunta ta sake rubuta su, daga yau ita ce mai rubutu ni mai dubawa, kuma na ɗauki hoton kowane kati a waya.

Wannan ya kawo mu kan by heart. Mu da ka muke hadda, Bature da zuciya, Balarabe ma an zahri ƙalb yake cewa, shi ma zuciya. Off head da ake faɗa a makarantu ina zargin daga irin tunaninmu ya fito, yana da ma'ana sarai amma mai duba jarrabawa by heart ya sani.

Juma'a, 21 ga Maris

Goman ƙarshe, ba mu taɓa sabon kati ba, gwangwanin farko kawai take juyawa. Ya ragu zuwa 19.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi, mun dawo aiki. Yau kunya na sha. Tana bin tsofaffin katin da na rubuta tun Janairu ta ce "Yaya, wannan on the long run ɗin, a fas kwashin in the long run na gani." Na ce kawo, na duba ƙamus a waya, ita ce da gaskiya. In the long run. Shekara da shekaru ina faɗin on, na ji manya masu digiri suna faɗa a rediyo, ban taɓa kawo komai a raina ba, har na rubuta wa yarinya ta haddace. Na yaga katin a gabanta, ta ce in ba ta naira ɗari biyu ladan gyara, na ba ta.

Daga nan na zauna na bi duk katin ɗaya bayan ɗaya da ƙamus, na sami wani, na rubuta with regards to, daidai shi ne with regard to, regards mai s ta gaisuwa ce. Sai na buɗe sabon rukuni na kira shi "abin da muke faɗa da abin da ake so". Discuss about, a cire about. Comprise of, a cire of, consist ce ke tafiya da of. Emphasize on, a cire on. Despite of babu shi, ko despite ita kaɗai ko in spite of, duk biyun "duk da" ne. Cope up with, a cire up. Oga is not on seat, wanda duk wanda ya taɓa bin fayil a ofis ya sha ji, Bature not at his desk ko not in the office zai ce.

Ni a ra'ayina on seat ba zunubi ba ne, miliyoyin mutane na faɗa kuma suna fahimtar juna, Turancin Najeriya ne kamar yadda Hausar Kano da ta Sakkwato da ta Damagaram kowacce ke da nata. Har Ingila da Amurka ba su daidaita ba, ɗan Ingila at the weekend, ɗan Amurka on the weekend, ɗan Ingila in hospital, ɗan Amurka in the hospital. Amma na gaya mata kwamfutar JAMB ba ta san wannan falsafar ba, amsa ɗaya aka saka mata, kuma in an samu saɓani ta bi na Ingila tunda shi makarantunmu suka gada. Kati 139.

Laraba, 9 ga Afrilu

Zafi ya sauko, ba wuta, a tsakar gida muka yi da fitilar waya. Waɗanda ke manne da aikatau ko sifa muka bi, na san malamin nahawu zai ce wani babi ne daban amma a jarrabawa tare suke zuwa. A nan Hausa ke yi mana ƙafar ungulu sosai. "Jira ni" ta zama wait me, alhali wait for me. "Saurare ni" listen to me. "Ya yi min dariya" he laughed at me. "Na fi son shayi a kan koko" ta ja yaro ya ce prefer than, alhali prefer tea to koko. Good at, ba good in ba. Congratulate on, accuse of, charge with, depend on, interested in, afraid of.

Wanda ya sa mu dariya har Umma ta leƙo shi ne married. Muna cewa "aure da", sai a ce she is married with a soldier. Married to ake cewa. Married with kuma in ta zo, yawanci 'ya'ya ne ke biyo baya, married with three children, tana da aure da 'ya'ya uku. Auta ta ce kenan wanda ya ce married with a soldier ya mayar da sojan ɗan goyo.

Ƙa'ida biyu na sa ta rubuta a bangon littafinta. Aikatau in ya biyo bayan ɗaya daga cikin kalmomin nan ing yake ɗauka, instead of going, without asking, har da look forward to seeing you, wadda to ɗinta ke yaudarar mutane su sa see. Na biyu, wakilin sunan da ke biyo bayan kalmomin nan me, him, her, us, them ne, saboda haka between you and me, ko da between you and I ta fi daɗin ji a kunne.

Na ƙara on the way, a kan hanya, in the way, ya tare hanya, by the way, af na tuna. Misalin in the way akuyar maƙwabta ce da ke kwanciya a bakin zaure. Kati 158.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ba za mu kai 200 ba, na haƙura, 164 muka tsaya, ƙarin sabo yanzu rikita ta kawai zai yi. An fitar da silif, santar da aka ba ta tana can wajen gari, gobe zan hau adaidaita in je in gano wurin in ga minti nawa ne daga gida, kada ranar mu tsaya tambayar hanya.

Na gwada ta da tambaya 40 da na tsinto daga fas kwashin na shekaru daban-daban, duk na cike gurbi, ta ci 34. A Janairu irin wannan gwajin 19 ta ci. Cikin shidan da ta faɗi biyu gaggawa ce, ta san amsar, huɗu kuma na gaske ne: ta sa angry on him maimakon angry with him, ta sa died from inda suke son died of malaria, ta rikita at the corner da in the corner, na farko kwanar titi na biyu lungun ɗaki, sai kuma at night ɗin nan da tun azumi take gaba da shi, ta sake sa in.

Gwangwanin farko saura kati 11. Ta zuba su a jakar hijabinta ta ce za ta riƙa dubawa a hanyar Islamiyya. Na at night kuma ta manna shi da salatif a jikin madubin ɗakinsu, Umma ta ce in ya ɓata mata madubi ni zan saya.